Zumuncin Da Ba Na Jini Ba: Ƙungiyoyin Ɗalibai Mata A Jami'o'in Amurka

Hausawa na cewa ɗan'uwa rabin jiki ne. To, amma ba wanda aka taɓa yi wa shawara game da wanda za su fito ciki ɗaya. Haka nan mutum yake buɗe ido ya tarar da 'yan'uwansa, na kirki da na banza, ya kuma ɗauke su yadda ya same su. Akwai kuwa wani irin zumunci dabam, wanda mutum ke ƙullawa da hannunsa bayan ya yi hankali, ya dubi wanda ba su haɗa uwa ko uba ba, ya ce daga yau kai ɗan'uwana ne. Wannan zumunci shi ne abin dubawa a wannan mako, ta hanyar wata al'ada da ta daɗe a jami'o'in ƙasar Amurka, watau ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai mata, waɗanda ake kira sororiti.

Batun ba na nesa ba ne kamar yadda za a zata. Iyaye da dama sukan tura 'ya'yansu mata karatu can, yarinya kuwa ba za ta daɗe da sauka ba sai ta ga waɗansu 'yan mata sanye da riguna masu launi ɗaya, da baƙaƙen Girkanci a ƙirji, suna kiran juna 'yar'uwa, suna kuma gayyatar sababbin ɗalibai su shigo cikinsu. Sai ta aiko gida tana tambaya, ta shiga ko kada ta shiga? Uban da ya ce a'a ba da sani ba yana iya hana 'yarsa alheri, wanda kuma ya ce i ba da sani ba yana iya jefa ta cikin abin da zai dame shi daga baya. Saboda haka ya kamata a san abin tukuna, sa'an nan a auna shi.

Asalin Al'adar

Kalmar sororiti daga Latinanci ta fito, inda soror ke nufin 'yar'uwa. Wani malamin Latinanci na Jami'ar Syracuse, mai suna Frank Smalley, shi ne ya laƙaba ta ga ƙungiyar Gamma Phi Beta a shekarar 1882. Amma al'adar ta girmi sunan. Tun a 1851 waɗansu ɗalibai na Kwalejin Mata ta Wesleyan, a garin Macon na Jihar Jojiya, suka kafa irin wannan ƙungiya, wadda daga baya ta zama Alpha Delta Pi. A 1870 kuma aka kafa Kappa Alpha Theta a Jihar Indiyana, a wata jami'a da ba ta daɗe da fara karɓar mata ba. A wancan zamani mace a jami'a baƙuwa ce, malamai da ɗalibai maza da yawa suna ganin ba wurinta ba ne, ƙungiyoyin maza kuma ba su karɓarta a matsayin cikakkiyar 'yar ƙungiya. 'Yan tsirarun matan da suka kutsa sai suka ga in ba su riƙe juna ba, ɗaya bayan ɗaya za su gaji su koma gida.

Ga yadda abin yake tafiya. Kowace ƙungiya tana da hedkwata ta ƙasa da rassa a jami'o'i dabam-dabam. Ɗaliba takan nemi shiga, 'yan reshen su duba ta, in sun yarda da ita su ba ta gayyata. Sai ta koyi tarihin ƙungiya da dokokinta, a yi bikin rantsarwa, ta zama 'yar ƙungiya har iyakar ranta, domin ba a fita don an gama karatu. Akwai kuɗin ƙungiya da ake biya, akwai makin jarrabawa da ba a yarda ta gaza shi ba, akwai kuma aikin taimakon jama'a da ake bukata daga gare ta. A ƙungiyoyi da yawa akan haɗa sabuwar shiga da wata wadda ta riga ta, ta zama yayarta, ta nuna mata hanya. Duk wanda ya san al'adar yaya da ƙanwar rana a tsakanin matan Hausawa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Mai karatu a Nijeriya, da ya ji an ambaci rantsuwa da ƙungiyar ɗalibai, ba mamaki hankalinsa ya tafi ga ƙungiyoyin asiri, yana kuwa da hujja. A 1952 ɗalibai bakwai na Kwalejin Jami'a ta Ibadan, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa ƙungiyar Pyrates da nufin yaƙi da girman kai da ƙabilanci a tsakanin ɗalibai. Daga baya waɗansu ƙungiyoyi suka ɓalle, waɗansu suka tsiro, abin ya rikiɗe ya zama ta'addanci, har aka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ran 10 ga Yuli, 1999. Sororiti ta bambanta da wannan. Jami'a ta san da ita, sunayen shugabanninta a bayyane suke, 'ya'yanta ba su ɓoye kansu. Abin da suke ɓoyewa shi ne kalmomin bikin rantsarwa da waɗansu alamun gaisuwa. Duk da haka labarin Ibadan yana da darasi, domin ya nuna cewa kyakkyawar niyyar masu kafa ƙungiya ba ta isa ta tsare ta daga lalacewa ba.

Abin Da Ake Nema A Ciki

Abu na farko da yarinya ke nema a irin wannan ƙungiya shi ne maganin kaɗaici. Babbar jami'a a Amurka tana iya ɗaukar ɗalibai dubu 40 ko fiye. Yarinya 'yar shekara 18 ta bar uwa da ƙanne, ta shiga taron da ba wanda zai lura in ta kwana uku ba ta fito ba. A nan samun mutum talatin ko hamsin waɗanda suka san sunanta, waɗanda za su ƙwanƙwasa mata ƙofa in ba su gan ta ba, su raka ta asibiti, su zauna da ita ran da aka aiko mata da labarin rasuwa daga gida, ba ƙaramin abu ba ne. Zumunta a ƙafa take, wanda kuwa ƙafarsa ba za ta iya kai shi gida ba dole ya nemi zumunci inda yake.

Sai dai ba kowace abota ce ta cancanci sunan 'yan'uwantaka ba. Masanin nan na Girka, Aristotal, ya kasa abota kashi uku: wadda aka gina a kan amfani, da wadda aka gina a kan jin daɗi, da wadda aka gina a kan nagartar hali. Malaman falsafa na Musulmi, irin su Miskawaihi wanda ya rasu a 1030, sun ɗauki wannan bayani sun faɗaɗa shi a cikin Larabci. Abin da suka lura da shi shi ne, abotar amfani takan mutu ran da amfani ya yanke, ta jin daɗi kuma takan dusashe in ƙuruciya ta wuce ko sha'awa ta sauya. Ta ukun ce kaɗai ke daɗewa, domin hali ba ya saurin sauyawa. A cikin sororiti ana samun duka ukun. Wata ta shiga don ta ji tsofaffin 'yan ƙungiya sukan taimaka wajen samun aiki, wata don bukukuwa da ado, wata kuma don ta ga mata masu himma tana son ta zama kamarsu. Rantsuwa ɗaya suka yi, riga ɗaya suka sa, amma ba abu ɗaya suka shiga ba.

To, ta yaya abotar amfani ko ta jin daɗi za ta girma ta zama ta nagarta? Kiran juna 'yar'uwa ba ya yin wannan aiki, bikin rantsarwa ma ba ya yi. Ba a sanin halin mutum a wurin walima. Ana saninsa ne in an ɗauki kaya mai nauyi tare, aka ga wa zai sa kafaɗa, wa zai zame. Shi ya sa hidimar jama'a take da babban matsayi a cikin wannan magana. Ita ce maƙerar da ake ƙera 'yan'uwantakar a cikinta. Tarihin ƙungiyoyin mata baƙar fata na Amurka ya nuna haka a fili.

Aikin Misisipi

Ran 15 ga Janairu, 1908, waɗansu ɗalibai na Jami'ar Howard da ke birnin Washinton, a ƙarƙashin jagorancin Ethel Hedgeman, suka kafa Alpha Kappa Alpha, ƙungiya ta farko irin wannan ta mata baƙar fata. Shekara 43 ke nan kacal da soke bauta a ƙasar, watau a lokacin akwai sauran tsofaffi da yawa da aka haifa bayi. Mace baƙar fata mai karatun jami'a a wancan zamani ɗaya ce cikin dubbai, sun kuwa san haka, suka ɗauki iliminsu tamkar bashi ne da jama'arsu ke bin su. Kirarin da ƙungiyar ta riƙe shi ne hidima ga dukkan 'yan Adam. A jami'ar dai, ran 13 ga Janairu, 1913, ɗalibai 22 suka kafa Delta Sigma Theta, ba su kuma yi wata biyu ba suka fita cikin babban jerin gwanon da mata suka yi a Washinton ran 3 ga Maris don neman 'yancin jefa ƙuri'a, wanda ba a tabbatar wa mata a tsarin mulkin ƙasar ba sai a 1920. Zeta Phi Beta ta biyo baya a 1920, ita ce kuma ta buɗe reshe a Monrobiya ta ƙasar Laberiya a 1948. Sigma Gamma Rho kuwa malaman makaranta mata bakwai suka kafa ta a 1922 a birnin Indiyanapolis.

A shekarar 1934 shugabar Alpha Kappa Alpha, Ida Jackson, ta kai 'yan ƙungiya Jihar Misisipi don su ƙara wa malaman makarantun ƙauye sani a lokacin hutu. Abin da suka tarar ya nuna musu cewa yaron da ciwo ya ci ƙarfinsa ba ya karatu. Baƙar fatan yankin galibinsu suna noman auduga ne a gonakin Turawa, ana raba amfani, bashi kuma ya ɗaure su, da yawansu ba su taɓa ganin likita ba. Sai a 1935 ƙungiyar ta tura ayari a ƙarƙashin wata likita 'yar ƙungiya, Dorothy Ferebee. Suka tuƙa motocinsu tun daga Washinton har Gundumar Holmes, da nufin buɗe wuraren shan magani. Masu gonaki suka hana ma'aikatansu barin gona su zo. Maimakon su tattara kayansu su koma, sai matan suka loda magunguna a motocin, suka bi gona-gona, suna kafa teburi a gindin bishiya da cikin majami'u da makarantu, suna yi wa yara lambar agana da allurar mashaƙo. Daga baya aikin ya koma Gundumar Bolivar, ana yinsa kowace shekara a lokacin hutu har zuwa 1942, sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo ƙarancin man fetur. Dubban yara suka sami riga-kafi.

Wani zai ce, ai mutum yana iya taimakon jama'a ba sai ya shiga ƙungiya ba. Gaskiya ne. Amma a dubi abin da ya faru ran da masu gonaki suka rufe ƙofa. Da likita ɗaya ce ta zo don kanta, mai yiwuwa ta yi kuka ta koma, ba kuwa wanda zai zarge ta. Abin da ya tsayar da su shi ne kowace tana jin kunyar 'yar'uwarta, akwai kuma ɗaruruwan 'yan ƙungiya a garuruwa masu nisa waɗanda suka tara kuɗin maganin, suna jiran labari. Himmar mutum ɗaya tana hawa tana sauka, yau aure, gobe haihuwa, jibi ciwo. Ƙungiya kuwa in wata ta gaji wata ta karɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, jinkar da aka ɗauka tare kuma ita ke sa masu ɗaukarta su san juna. Matan da suka yini cikin ƙura da zafin Misisipi suna riƙe 'ya'yan talakawa ana yi musu allura ba su bukatar wani ya gaya musu cewa su 'yan'uwa ne.

Ba ƙungiyoyin baƙar fata kaɗai ke da irin wannan tarihi ba. Pi Beta Phi ta buɗe makaranta a 1912 a Gatlinburg, wani ƙauye a cikin duwatsun Jihar Tenesi, don 'ya'yan talakawan Turawa. Delta Gamma ta riƙi taimakon makafi tun daga 1936. Delta Sigma Theta kuma ta fara shirin kai littattafai yankunan Kudu a 1937, inda dokar wariya ta hana baƙar fata shiga ɗakunan karatu na gwamnati.

Inda Gizo Ke Saƙa

Duk abin da ke haɗa mutane yana kuma ware waɗansu. Igiyar da ta ɗaure tsintsiya ita ce ta bar sauran tsirgagu a waje. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi dogon nazari a kan abin da ya kira asabiyya, watau ƙarfin nan da ke sa jama'a su tsaya wa junansu. Ya nuna cewa jini ne asalinta, amma ƙawance da alkawari da daɗewar zama tare suna haifar da irinta. Ba a gina wani babban abu sai da ita. Amma ita ce kuma ke sa mutum ya goyi bayan nasa ko da nasa ne azzalumi, ya raina wanda ba nasa ba ko da ya fi shi kirki. Sororiti ba ta tsira daga wannan ba.

Na farko akwai maganar ƙofa. Shekara da shekaru manyan ƙungiyoyin Turawa ba su karɓar baƙar fata, da yawa kuma ba su karɓar Yahudawa, har ɗalibai Yahudawa bakwai suka kafa tasu, Alpha Epsilon Phi, a Kwalejin Barnard a 1909. Kada a ce wannan tsohon labari ne. A watan Satumba na 2013 jaridar ɗaliban Jami'ar Alabama ta fallasa cewa an ƙi karɓar waɗansu ɗalibai baƙar fata masu kyakkyawan maki, ta kuma ruwaito 'yan ƙungiya suna cewa su sun so karɓarsu, tsofaffin 'yan ƙungiya ne suka hana. Shekara 50 ke nan cif bayan da Gwamna George Wallace ya tsaya a ƙofar wannan jami'a don hana baƙar fata shiga. Sai da hukumar jami'a ta sa baki aka sake buɗe ƙofa, aka karɓi waɗansu. Abin lura a nan shi ne 'yan matan da suka tona asirin 'yan ƙungiya ne. Sun fifita gaskiya a kan rufa wa nasu asiri, ta haka kuwa suka fi yi wa ƙungiyarsu hidima.

Na biyu akwai kuɗi. A waɗansu jami'o'i, musamman inda reshe ke da gidan kwana nasa, abin da ake biya yakan kai dubban daloli a shekara, ban da tufafi da bukukuwa. 'Yar talaka ba sai an ce mata kada ta zo ba. Inda kuwa aljihu ne ke tace 'yan'uwa, masu cewa abota ce ta saye ba su yi ƙarya duka ba.

Na uku akwai gwale-gwalen da ake yi wa sababbin shiga, da sunan gwada juriyarsu: hana barci, da zagi, da duka, da tilasta shan giya. Abin ya fi muni a ƙungiyoyin maza, inda aka sha rasa rayuka, amma na mata ma ba su kuɓuta ba. A 1990 manyan ƙungiyoyin baƙar fata suka soke tsohon tsarin horon sababbin shiga saboda wannan, duk da haka waɗansu rassa suka ci gaba a ɓoye. A watan Disamba na 2024 aka sa hannu a kan dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i su riƙa bayyana irin waɗannan laifuffuka a rahotanninsu. Hujjar masu yi ita ce wuya tana haɗa zukata. Haƙiƙa tana haɗawa, amma akwai bambanci tsakanin wuyar da aka sha a Misisipi da wuyar da yaya ta ƙirƙira don ta ga hawayen ƙanwarta. Ta farko ta bar yara da lafiya. Ta biyun ba ta bar komai ba sai wadda aka wulaƙanta bana tana jiran baɗi ta rama a kan wata.

Na huɗu akwai hidimar da ta zama ado. Wani reshe yakan shirya biki guda a shekara, a tara kuɗi, a ɗauki hotuna, a ce an yi taimako, alhali ba wadda ta taɓa zama da mabukaci ta ji ƙanshin ɗakinsa. Kuɗin dai yana da amfani, marar lafiyar da aka saya wa magani ba ruwansa da niyyar mai bayarwa. Amma ita mai bayarwar ba ta ƙaru da komai ba a halinta, zumuncinta da 'yan'uwanta kuma yana nan a matsayin abotar jin daɗi, an dai yafa masa mayafin taimako.

Ma'auni

Tarihin Makka ya ajiye misalin da ya dace da wannan magana. Kafin aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman ya sayar da kaya ga wani babba daga cikin Ƙuraishawa, aka hana shi kuɗinsa. Ya kai kuka ga waɗansu dangogi, suka ƙi taimakonsa, domin azzalumin nasu ne. Sai waɗansu dangogin suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka ƙulla alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo. Shi ne Hilful Fudul. Annabi ya halarci wannan taro yana saurayi, bayan zuwan Musulunci kuma ya yabe shi. Ƙawance biyu ke nan a gari ɗaya, dukkansu da rantsuwa, dukkansu da riƙon amana. Ɗaya ya tsare nasa, ɗaya ya tsare baƙo. Da wannan ake auna kowace ƙungiya: me ya isa ga wanda ba ɗan cikinta ba?

A Madina kuma, bayan hijira a shekarar 622, an ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, mutum da mutum. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Wannan ya nuna cewa zumuncin da aka ƙulla da hannu abu ne mai asali, an kuma fi bukatarsa inda mutum yake baƙo. Amma gādon da aka fara yi ta wannan hanya daga baya an shafe shi, aka mayar da shi ga dangi. Watau 'yar'uwar ƙungiya tana da haƙƙi, amma ba ta ture uwa da uba da 'yan'uwan ciki ɗaya.

Ɗaliba Musulma tana da ƙarin abin dubawa. Manyan ƙungiyoyin mata 26 da ke ƙarƙashin majalisarsu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1902, ba su yarda da giya a gidajensu ba, amma sau da yawa wannan yakan sa shagalin ya koma gidajen ƙungiyoyin maza, inda iko ba a hannun matan yake ba. Sa'an nan akwai rantsuwa. Mai hankali ba ya ɗaukar alkawari a kan abin da bai san ko mene ne ba. Waɗansu ƙungiyoyi suna da alamun da aka aro daga gumakan Girka da Rum, kamar hoton Minerva a tambarin Delta Sigma Theta. 'Yan ƙungiya suna cewa alamar hikima ce kawai, amma har a cikin Kirista akwai waɗanda suka fita saboda irin wannan. Haƙƙin ɗaliba ne ta tambaya kafin ta shiga, ko akwai durƙuso ko kalmar da ta saɓa wa tauhidi. In an ba ta amsa mai gamsarwa, to. In an ce sai ta shiga za ta gani, wannan ma amsa ce.

Saboda irin waɗannan dalilai Musulmin Amurka suka fara kafa nasu. A 2005 wata uwa da 'yarta suka kafa Gamma Gamma Chi, ƙungiya ta farko irin wannan da aka gina a kan koyarwar Musulunci. A 2016 kuma aka kafa Mu Delta Alpha a Jami'ar Teksas da ke Dalas. Sun riƙe tsarin yaya da ƙanwa da aikin taimako, suka ajiye giya da shagalin cuɗanya da maza. Amma suna ba ya wanke kowa. Ƙungiyar Musulmi da za ta raina 'yar talaka, ko ta fifita Balarabiya a kan baƙar fata, ta faɗa ramin da ta ce ta guje wa, ma'aunin da aka auna sauran da shi kuma shi za a auna ta da shi.

To, me za a gaya wa yarinyar da ta aiko tana tambaya? A ce mata kada ta dubi sunan ƙungiya da tarihinta kaɗai, domin reshe ya bambanta da reshe, Alpha Kappa Alpha ta 1935 ba ta lamunci kowane reshe na yau ba. Ta dubi 'yan matan da za ta zauna da su, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ta tambayi aikin da suka yi da hannunsu a shekarar da ta wuce, da wanda ya amfana. Ta lura da wadda aka mayar daga ƙofa, da dalilin mayar da ita. Ta ga yadda suke yi wa sabuwar shiga, da yadda suke yi wa wadda ta faɗa musu gaskiya mai ɗaci. Ta lissafa kuɗin, kada ta ɗora wa iyayenta nauyin da ba su iyawa. In ta ga sallarta da karatunta da mutuncinta za su tsira, ta kuma ga mata ne masu fita su yi wa wanda ba nasu ba aiki, to, shigarta alheri ce, za ta fito da 'yan'uwan da za su riƙe ta har tsufa, da hannun da ya saba da hidima, wanda za ta dawo da shi gida.

In kuwa ba ta sami irin wannan ba, ba ta yi asarar komai ba. Akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi a jami'o'i da yawa, akwai masallatai masu ciyar da mabukata, akwai asibitoci da makarantu masu neman 'yan sa kai. Ta je ta sa hannu a aiki, za ta tarar da waɗansu mata a can suna yi, daga cikinsu kuwa za ta sami 'yan'uwa ko ba riga ko ba rantsuwa.

Allah Ya shiryi 'ya'yan jama'a na gida da na waje, Ya haɗa su da abokan kirki, amin.